Irin da Auta Ya Haɗiye

Malamar aji uku ta kwashi ɗalibanta zuwa jejin bayan makaranta, ta ce kowa ya tsinto irin da ya fi burge shi, ya kai gida ya ga yadda yake tsira. Wasu suka tsinci ƙwallon tsamiya. Yarinyar da duk gidansu ke kira Yaya ta tsinci wasu 'yan ƙwayoyi biyu jajaye jawur, kowace da ɗigon baƙi a ka. Ta shimfiɗa auduga a murfin kwalba, ta jiƙa, ta ɗora su, ta ajiye a bakin taga.

Washegari uwarta tana shanya a tsakar gida ta ji ihu.

"Umma! Auta ya cinye min aikin makaranta!"

Ta shiga da hannu a jiƙe. Auta, wanda ko yaye shi ba a yi ba, yana tsaye a kan kujera yana dariya, auduga maƙale a haɓarsa. Saura ƙwaya ɗaya a murfin. Uwar ta ɗauka ta duba. Idon zakara ne. Tun tana ƙarama aka hana su ko wasa da shi, domin guba ne.

Ta zura yatsa a bakin yaron, ta lalube ko'ina. Babu komai. Ta saɓa shi a baya, ta ja hannun Yaya, ta kira mijinta a waya tana tafiya.

Shi direba ne, yana tsakiyar lodi. Ya iske su a asibiti yana huci.

"Wannan wace irin makaranta ce? Mun kai yarinya ta koyi karatu, an mayar mana da ita mai kiwon awaki!"

 Idon matar na kan Auta. In ya yi hamma sai ta ce ko shi ke nan. In ya yi shiru sai ta girgiza shi. Yaya ta raɓe a jikin bango, ta ƙi kallon kowa.

Likita ya karɓi ƙwayar da ta rage, ya juya ta a tafin hannu.

"Ya tauna?"

"Ban gani ba, likita. Haƙoransa ma na gaba ne kawai."

"To, da sauƙi. Ɓawonsa tauri gare shi kamar tsakuwa. In an haɗiye shi lafiyayye, yawanci yadda ya shiga haka yake fita."

Mijin ya sauke ajiyar zuciya, ya fito da makullin mota.

"Kin ji ko, Maman Yaya? Ɗan naki ciki ya gada. Gobe sai ku nemo aikin makarantar a fo, a wanke a mayar wa Malama."

Ta so ta yi dariya. Sai ta ji kuka a bayanta.

"Ke kuma mene ne?"

"Na goge shi," in ji Yaya.

"Kin goge me?"

"Malama ta ce iri mai tauri ba ya tsira sai an goga shi a dutse, ruwa ya samu hanyar shiga. Ta ce mu goge ɗaya mu bar ɗaya, mu ga wanda zai riga fitowa." Ta nuna hannun likita. "Wannan ne wanda na bari."

Likita ya ajiye ƙwayar a kan tebur. Ya daina murmushi.

"Kin goga har kin ga farin da ke ciki?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma a ruwa ya kwana?"

"Har ya kumbura."

Uwar ta jawo kujera. Ta zauna. Likita ya kira ma'aikaciyar jinya, ya ce a shirya gado.

"Za mu riƙe shi. Wannan guba ba ta gaggawar nuna kanta. Yaro zai iya wuni yana wasa, daga baya amai da gudawa su taso. Ina son in abin ya zo, ya same shi a gabana."

Ya fita. Mijin ya dubi Auta. Yaron ya kama igiyar labule yana ja, yana gwaranci.

"Dube shi, don Allah. Wannan ne mara lafiya? Su likitoci da ma haka suke, tsoro ne sana'arsu. Yanzu fa ya gama cewa ba komai."

"Kafin ya ji an goge."

"Maganar yarinya ce. Ta san abin da ta goga? Na bar fasinja cikin mota, gida kuma a buɗe. Tashi in sauke ku. In ya yi wani abu, ba ga mota ba?"

"Motar da za ta kama hanya da kai?"

 Auta ya yi tari sau ɗaya, ta zabura ta dafa goshinsa. Babu zafi. Hakan bai kwantar mata da hankali ba.

"Maman Yaya, magana nake yi miki. Ɗauko shi mu tafi."

Ta kwance zanen goyo daga ƙugunta, ta ninke, ta ɗora a kan cinya. Ta jawo Yaya ta zaunar da ita kusa da ita.

"Ka tafi, Baban Yaya. Ni ba inda za ni da shi."