Tsagar Alhaji Ɗanmalam

Hoto ɗaya tak Alhaji Ɗanmalam ya ɗauka a duniya, shi ma tafiya Makka ce ta tilasta masa. Shekara talatin bayan rasuwarsa hoton yana rataye a ɗakin 'yarsa Hajja Sa'adiya a Garwa ta ƙasar Kamaru, har daminar bana ta yi masa aika-aika. Ruwa ya biyo bango, takardar ta manne da gilashi, launin ya koma kamar ruwan tsamiya.

Ta kai shi unguwar Rumde Ajiya, shagon wani Laurent mutumin Duwala, wanda ake cewa ko hoton da akuya ta tauna yana tayar da shi.

Shi kuwa Laurent akwai son a san ya iya. Ya ɗora hoton da gilashinsa a sikana, na'urar kwafe hoto zuwa kwamfuta, yana ta zuba da Hausarsa ta kasuwa: wai allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launi, injin bugawa kuma da tawada huɗu, shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Hajja ta ce to. Ita dai ubanta take so. Da ya gama sai karambani ya sa shi ɓamɓare takardar daga gilashin, ta dagargaje a hannunsa. Ya ce kada ta damu, ai Alhaji ya riga ya shiga inji.

Ranar Alhamis ya miƙo mata hoto ƙato, sai sheƙi yake. Farin rigar ya dawo, shuɗin rawanin ya fito ras. Fuskar kuma sumul.

"Ɗan nan, ina tsagarsa?"

"Wace tsaga, Hajja?"

Ashe kwana biyu bawan Allah ya yi yana abin da ya kira ritush, yana goge duk wani ƙarce da tabo. Layukan da ya gani a kumatun tsohon, ya ɗauka gilashi ne ya ƙarje su. Tsagar gado ce da kakanninta suka zo da ita daga ƙasar Zamfara, kuma daga kan Alhaji aka daina yin ta a gidan.

"Buɗe mini na farkon," in ji ta.

Ya sosa ƙeya. A kan na farkon ya ajiye gyararren a kwamfuta, ya shafe shi, babu shi.

"Amma zan zana su, Hajja, aikin minti goma ne. Layi nawa ne? Daga ina suka tashi?"

Ta buɗe baki. Kowace safiya ta Allah sai ta dubi fuskar nan, har gaishe ta take yi. Kunya da baƙin ciki suka taso mata lokaci guda.

"Huɗu," ta ce. "A'a, tsaya. A dama ne huɗu, ko a hagu?"

"Ni kike tambaya, Hajja?"