Kwamitin Neman Kofur Abdul-Ganiyu

Abdul-Ganiyu bai taɓa harbin ko kaza ba, amma soja ne, kuma yana da takarda. Kofur ne a rundunar ko-ta-kwana ta ƙasarsu, irin sojojin nan da ake ajiyewa don wata rana, su ci gaba da neman abincinsu har a kira su. Shi a Doha yake neman nasa: gadin wani dogon bene a unguwar Bin Mahmud, kwana kuma a unguwar Najma, ɗaki ɗaya su shida. Sau ɗaya a shekara yakan ɗauki hutu ya je gida, ya yi faretin mako biyu a bariki, a kira sunansa ya amsa, ya dawo. Kada ka ce son bindiga ne. Kati ne. Duk sojan da sunansa ke cikin rajista ana duba iyayensa kyauta a asibitin bariki, kuma mahaifiyarsa, Mma Adijatu, sau biyu a mako ake yi mata wankin ƙoda.

Sai korona ta zo ta tsayar da jirage. Shekara ta zagayo ba hanyar zuwa fareti, hukuma ta ce to a kira suna ta wayar bidiyo, a gaban mai binciken kuɗin gwamnati, don a tabbatar ba sojojin bogi ake wa kasafi ba. Kiran ya sami Abdul-Ganiyu a bakin aiki, kyamarar kamfani na kallon tsakar kansa, kuma duk mai gadin da ya sauke takunkumin fuskarsa tarar rabin albashi ce.

"Kofur Abdul-Ganiyu!"

Ya ƙame, ya buga ƙafa har wata tsohuwa mai fitowa daga lif ta koma ciki. "Ina nan, sa!"

Mai binciken, wani siririn dattijo mai suna Malam Issifu, ya matso da fuskarsa jikin waya, ya duba, ya sake dubawa. Mutum ne da ba ya rubuta abin da bai gani ba. Ya rubuta: "An ji murya, ba a ga soja ba."

Wannan layin ya yi wata goma sha takwas yana yawo ofis-ofis, daga ƙarshe ya sauka a jerin sojojin bogi. Ranar wata Talata ƙanwarsa Mubarika ta kira shi daga ƙofar asibiti tana kuka, an ce katin ya daina aiki. Daga ranar albashinsa ya koma asibitin kuɗi, kuma ko an matse shi bai isa wanki biyu ba. Mma ta koma sau ɗaya a mako. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Ya nemi hutu ya je ya nuna musu fuskarsa, mudir ɗin kamfani, wato manaja, ya ce babu mai motsawa sai an gama gasar cin kofin duniya, halas.

Ana haka labari ya zo cewa kwamitin majalisa mai sa ido kan masu binciken kuɗi bai yarda da aikin Malam Issifu ba, zai zo da kansa ya nemo sojan da aka ce babu. Ka ji tausayin talaka! Sojojin bogi ɗari huɗu ne a jerin, wasu gidajensu na bayan majalisar, amma na Doha ne ya hana 'yan majalisa tara barci. Suka sauka mako ɗaya kafin a fara buga ƙwallo, da Malam Issifu a bayansu yana riƙe da jaka.

Abdul-Ganiyu ya goge takalmi, ya nufi otal ɗinsu. Shugaban kwamiti, Onarabul Mudasiru, ƙato ne mai fara'a, ya sa rigar ƙwallon ƙasarsu a kan jallabiya. Da ya ji sunan sai ya rungume shi.

"Ɗana! Kai ne? Allahu akbar! Zauna, a kawo masa shayi. Yaya tsohuwa?"

"Jiki ya matsa mata, ranka ya daɗe. Ga ni dai, kun gan ni."

"A'a, a'a." Onarabul ya ɗaga yatsa. "Ni Mudasiru na gan ka, kuma na ji daɗi. Kwamiti bai gan ka ba."

"Ina kwamitin yake, ranka ya daɗe?"

"Kwamiti ba ya gani sai yana zaune. Ba ya zama sai mutum biyar cikin tara sun hallara, na buga guduma. Yanzu mu nawa ne a nan?"

Abdul-Ganiyu ya duba. "Huɗu."

"To ka gani. Doka ce, ɗana, ba ni na yi ta ba. Ka dawo gobe."

Ya dawo gobe, ya tarar da uku. Jibi huɗu, na biyar ya tafi sayen turare. Sai da aka kwana biyar yana wannan zarya kafin Yussif, abokin ɗakinsa, ya fassara masa karatun: alawus ɗin tafiya yana gudana ne muddin ana nema. Ranar da aka gan shi, ranar za a yanka musu tikitin komawa. Wa zai ga soja alhali ba a ko buga wasan farko ba?

Abin da ya fi ci masa rai, mutanen nan ba su da mugun hali a fuska. Suna son sa. Da suka lura ya san gari, sai suka roƙe shi ya riƙa yi musu jagora wajen neman. Wallahi haka aka yi. Ya sauya aikinsa da wani, ya zauna gaban bas kusa da direba, ya kai su Umm Salal, don wani ya ce musu can baƙi ke aikin gona. Suka sauka su huɗu tsakanin rumfunan tumatir, Onarabul ya tara ma'aikata ya tambaye su ko sun san wani Kofur Abdul-Ganiyu. Wani ɗan zangonsu na can gida ya ajiye tiyo ya ce, "Ga shi nan a bayanka, riƙe da ruwanka." Malam Issifu, da aka ɗora wa rubuta rahoton kullum, ya rubuta: "An tambayi manoma. Sun nuna wani mutum da ke cikin motarmu."

Sau ɗaya ya kusa yin nasara. Ranar wasan ƙasarsu na biyu tikiti bai ishe su ba, biyar suka tafi filin da ake kallo a babban allo. Abdul-Ganiyu ya lallaɓa Malam Issifu ya ba shi gudumar katakon, ya cusa ta a aljihu, ya bi su da sassarfa. Ga su can a jere kan benci ɗaya, biyar cif, har da Onarabul. A bakin ƙofa mai bincike ya laluba shi ya zaro guduma. Wane ne? Yussif, da kamfaninsu ya turo gadin filin.

"Yussif, don girman Allah. Minti ɗaya."

"Ɗan'uwa, mudir na kallona. Ba a shiga da makami."

"Makami? Ta majalisa ce!"

"To ai shi ya sa," in ji Yussif, ya jefa ta kwandon kwalabe da lema.

Kafin a gama cike takardar karɓo ta, an zura wa ƙasarsu ƙwallo, mutum biyu sun tashi cikin fushi sun koma otal. Da yammar nan Mubarika ta aiko da saƙon murya. Ba ta yi magana ba, ta dai kanga wayar kusa da Mma don ya ji yadda take numfashi. Ya saurara sau ɗaya a tsaye bakin titi, tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya.

Aka fitar da ƙasarsu daga gasar a wasa na uku. Washegari jaridun gida suka fara tambayar abin da mutum tara ke yi a Doha. Nan da nan Onarabul ya aiko masa: gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna, su tara duka, za a gan shi. Abdul-Ganiyu ya yi sujada a tsakar ɗaki, ya kira Mubarika ya ce ta gaya wa Mma wahala ta ƙare.

Bayan la'asar Malam Issifu ya zo Najma shi kaɗai, ya same shi a shagon shayin karak. Ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya.

"Kofur, ni na jefa ka cikin wannan. Ban rubuta ƙarya ba, amma ni na jefa ka. Don haka bari in gaya maka abin da na sani. In suka gan ka gobe, rahoto zai tafi majalisa. Majalisa na hutu sai watan biyu. In ta dawo, a karanta, a miƙa wa kwamitin tsaro, shi kuma ya jira kasafin rundunarku na baɗi. Na ga irin wannan sau uku. Wanda ya fi sauri wata goma sha ɗaya."

"Wata goma sha ɗaya? Baba, ba ta da wata biyu."

"Na sani. Na ji saƙon da ka saurara ranar nan, ina bayanka." Ya buɗe jaka ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu. "Dokar rundunarku ce. Sojan da hukuma ta fita nema kwana ashirin da ɗaya ba ta gan shi ba, ana ɗaukarsa ya rasu a bakin aiki. Wannan ba ta bi ta majalisa, sa hannuna kawai take buƙata. Iyayen mamaci kuwa ana ba su kati na har abada, cikin mako guda."

"Ai kun ce ni na bogi ne."

"Da ne. Mutum tara ba sa hawa jirgi neman wanda babu shi. Takardar alawus ɗinsu ita ce shaidar ka taɓa rayuwa."

"Yau kwana nawa?"

"Goma sha tara."

Abdul-Ganiyu ya yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har mai shayi ya leƙo. Malam Issifu bai taya shi ba. Ya ce masa akwai sharaɗi: ba zai ƙara taka bariki ba, ko asibitinsa, ko da Mma na kwance a ciki. Kuma bisa al'ada sojoji za su je gida ta'aziyya da tuta, dole uwar ta karɓe su da kanta ta dangwala yatsa kafin a miƙa kati.

Washegari ƙarfe goma kwamiti ya zauna, mutum tara reras, ba soja. Ashe sun iya nema! Suka kira wayarsa har ta mutu. Suka je Bin Mahmud, aka ce ya ɗauki hutun ciwo. Rana ta ashirin da ɗaya da hantsi bas ɗinsu ya shigo lungun Najma ya tsaya ƙarƙashin tagar ɗakin, tsakanin shagon canji da mai gyaran waya. Abdul-Ganiyu na kwance a gadon sama, ya juya fuska bango. Ya ji an buga guduma a jikin mota.

"Kofur Abdul-Ganiyu!"

Ƙafarsa ta motsa da kanta. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa jin wannan kiran ya yi shiru ba.

"Kofur Abdul-Ganiyu!" Muryar Onarabul ta sauko. "Ɗana, in kana ji ka fito. Ka rufa mana asiri, 'yan jarida sun sa mu gaba."

Yussif ya leƙa ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma rabonmu da ganinsa tun da kwamitin ɗakinmu ya zauna."

Aka kira na uku. Abdul-Ganiyu ya cusa bakin filo a bakinsa ya cije, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ya ji guduma, ya ji an rufe ƙofar bas, ya ji Ba'indiyen direban na cewa yalla, yalla, a tafi.

Kwana shida bayan haka Mubarika ta kira da safe ta ce an aiko, sojoji za su zo bayan azahar. Ta riga ta yi wa Mma bayani sau uku. Ta miƙa mata wayar.

"Ganiyu."

"Na'am, Mma."

"Sake amsawa in ji."

"Na'am, Mma. Ina nan. Lafiyata ƙalau, yanzu ma na ci burodi."

Ta ja numfashi da ƙyar. "An ce in shimfiɗa musu tabarma. An ce in sa mayafi. Duk zan iya. Amma in suka ɗaga hannu suka ce Allah ya jiƙanka, ni da na haife ka, me zan ce?"

Yana tsaye a ƙofar benen da yake gadi, masu rigunan ƙwallo na wucewa suna busa ƙaho. Ya juya musu baya.

"Ki ce amin, Mma," ya ce. "Ki ce amin da ƙarfi yadda za su ji, sannan ki karɓi katin."