Dunƙule Biyar a Tukunya

…ai ba gishiri ba ne. Gishiri fari ne. Wannan kuwa ruwan ƙasa, a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, har da ƙamshi. Ta ina ya zama gishiri?

Amma nas ta faɗa. Yanzun nan, a barandar asibitin nan, gaban layin masu hawan jini. Ta ɗaga dunƙulen miya da yatsu biyu kamar ta kamo kunama. "Kun ga ɗan abin nan? Wajen rabinsa gishiri ne. Wanda ya bar gishiri ya koma masa, ya gudu ne bai tsira ba." Wani tsoho ya ce to me za a ci, ruwan zafi? Aka kwashe da dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Tana ƙarshen benci, jaka a cinya, ta danne ta da hannu biyu. Cikin jakar akwai leda guda cike da shi. Ɗazu ta saya a hanya, maigidanta na tsaye yana jiranta.

Biyar take sawa a tukunya. Biyar! A da biyu ne…

Ƙofar likita ba ta rufu duka ba. Tana hango damtsen maigidan nata, an naɗa masa abin awo, yana kumbura, yana sacewa. Karo na uku ke nan. Me ya sa sau uku? In abu lafiya ne ai sau ɗaya ya isa.

Wata biyu ke nan da ya dafe bango a ƙofar banɗaki ya ce ɗakin na juya masa. Direban bas, kullum mutum sittin a bayansa. A ɗakin can likita ya zaunar da su: a bar gishiri, a rage mai, a yi tafiyar rabin awa, a sha magani kan lokaci. Sannan ya dube ta. "Akwai tambaya, amarya?" Akwai. Tana kan harshenta, dunƙule fa? Sai ta ga biron da yake juyawa, ta tuna layin da ke waje, ta ji kamar za a ce wannan ma tambaya ce… ta girgiza kai. Tun tana yarinya Inna ke cewa ko ƙaya ta taka, sai an ga jini a ƙasa ake sani.

Ranar ta ɗora gishirin can saman kabad, inda sai da kujera. Miyar farko lami. Loma uku ya yi. "Shiru-shiru, laifin me na yi miki?" Yana dariya, amma ya ture kwanon. Mutumin da ke fita tun asuba, ya wuni a zaune bayan sitiyari, ya dawo ya ture kwano? Washegari ta sa dunƙule uku. Sai huɗu. Ranar da ta sa biyar ya suɗe kwano tas. "Kin ga hannu! Wa ya ce sai da gishiri?" Har ya kira yayarsa a waya yana yi mata kirari. Yaya ta ce, "Ke ce likitarsa, ƙanwata. Amanar ƙanena na hannunki."

Amana…

Shi fa ya yi nasa. Ya bar soyayye. Ya bar lemon kwalba, yana kallonsa a firjin shago kamar wanda aka raba da masoyi. Kullum bayan la'asar suna zagaya filin ƙwallo, shi a gaba ita a baya, yana haki yana cewa tumbin nan gado ne, ba a raba mutum da gadonsa. Shi ya yi nasa. Ita ce…

Kuma ta gani. Ba ta gani ba? Gora biyu ta ruwa yake tafiya da ita aiki, ya dawo da ƙishi. Ta ce zafi ne. Safa na barin shata a idon sawunsa, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Ta ce gajiya ce. Idonta na ganin komai, bakin ne dai, bakin…

Muryarsa ke fitowa ta ƙofa. "Wallahi likita, ko ƙwayar gishiri ɗaya ba ta shiga bakina ba. Matata na waje, ita ce shaida."

Shaida. Ita.

"To in haka ne, maganin ne ya gaza. Za mu ƙara ƙarfinsa. Tuƙi kuma, a dakata tukuna."

A dakata? Shekara goma sha biyu yana bayan sitiyarin nan. Ranar da ba ya aiki, ko takalminsa bai san inda zai ajiye ba.

Ko dai ta ɓoye kawai? Me zai hana? Su koma gida, ta juye ledar a kwandon shara, jinin ya sauka da kansa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A ce magani ne ya yi aiki. Yaya ta ci gaba da cewa likitarsa… To, in ta daina sawa, ga kuma maganin da aka ƙara wa ƙarfi, in jinin ya sauka fiye da kima fa? Nas ta ce wannan ma jiri yake kawowa. Jiri a kan titi. Mutum sittin. Mata da goyo. Shi.

In kuma ta faɗa, fuskarsa. Ba zai yi faɗa ba, ina ma zai yi. Zai dube ta ne kawai, ya ce, "Biyar, Shiru-shiru?" A gaban likita. Bayan ya rantse da ita.

Hannunta ya shiga jakar, ba ta san yaushe ba. Takardar ɗaya ta yage, dunƙulen na murtsukewa tsakanin yatsunta. Ta kai ɗan yatsa bakin harshe, a ɓoye, ƙarƙashin mayafi.

Gishiri. Gishiri ne zalla. Wata biyu tana ɗanɗana miya, yaya aka yi ba ta…

"Ina matar direba?"

Nas ce, ta leƙo. Kawuna sun juyo. Taku huɗu ne zuwa ƙofar. Ta miƙe, ledar na ƙara cikin jaka kamar tana kiran sunanta.

"Matar direba, likita na jira."

Taku ɗaya. Har yanzu gishirin na kan harshenta…