Injin Katafilar Ɗahiru

...kuma nauyi ya ƙara, Ɗahiru, wallahi ya ƙara. Injin da muka ɗaga bara mu biyar, yau sai da mutum tara suka kama sarƙa kafin ya rabu da jikin katafilar. Laka ce. Kowace kafa laka, har da 'yar tarwaɗa a maƙale cikin bututun iska, ta kumbura. Kwana shida a ƙarƙashin kogi. Kai kwana biyu ka yi kafin masunta su ciro ka.

Ga shi nan mun sauke shi kan gumagumai, yana ɗiga. Leburori sun gudu inuwa. Daga ni sai shi.

Notin farko ya ƙi. Kananzir... a jira... ya taho. Na biyu. Kwana goma Baturen aiki ya ba ni in tayar da shi. Wai ruwa na tafe daga yamma, in ba a toshe ɓarakar jingar nan ba, shinkafar mutanen Kirikasamma ta tafi gaba ɗaya. Kai kuwa layi ɗaya ka samu a takardarsa: direba ya matsa bakin gaɓa, ganganci. Haka tafinta ya karanta a gaban kowa. Kai ne da ganganci? Kai da ka ja motar soja a duwatsun ƙasar Bama lokacin yaƙi, hanya ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, ina gefenka ina salati kana dariya?

Kan injin ya fito. Fistan huɗu, duk a tsaye cik. Na sa ƙarfe na danna da ƙirjina — ko gezau. To, tsatsa ce... A'a. Tsatsar kwana shida ba ta riƙe ƙarfe haka. Shekara goma sha biyu ina buɗe cikin inji, na san ɓarnar ruwa. Wannan tun kafin ya faɗa ya mutu.

Usman, leburan da ke kusa da kai ranar, ya faɗa. Ya ce kukan injin ya sauya, kamar tsoho mai tari, sai ɗif. Ya ce kana ta jan ƙarafa, gaɓa na zaizayewa a ƙarƙashinka, suna ihu ka diro... Me ya hana ka dirowa? Kayan gwamnati? Ƙarfe ne fa, Ɗahiru, ƙarfe! Ba wanda ya rubuta maganar Usman. Wa zai rubuta maganar lebura?

Rana ta take. Gumi na shiga mini ido. A kwanta, a shiga ƙarƙashi, a kwance kwanon baƙin mai. Noti ashirin da biyu, na san su ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗaure su. Ruwa da mai sun zubo mini har wuya, wari kamar mushe. Beyarin da ƙarfen injin ke juyawa a kansu sun yi shuɗi... sun narke, sun manne. Ƙishi ya kashe shi ke nan, mai bai hau sama ba. To yaya? Ni na zuba man da hannuna, na duba sanda, ya kai layi. Sai dai in rariyar da ke tsotso shi ce ta —

Mene ne wannan?

Ciyawar ruwa ce. Ciyawa ce ta shiga... ta ina za ta shiga? Ya liƙe a bakin rariyar kamar an toshe tulu. Na ɓanɓaro. Na jefa a kananzir, na cuɗa. Kaki. Da ɗinki a gefe ɗaya. Da lamba, ta dushe amma ana karantawa... bakwai, ɗaya, huɗu.

Lambata.

Rigar sojana, wadda na yayyanka na yi tsummokara.

Juma'ar nan... sati uku ke nan? Kwanon yana yoyo, na sauke, ina goge ciki, kana tsaye a kaina da hularka sabuwa. "Bunu, rufe mu tafi mana, za mu rasa salla." Na ce saura kaɗan. Ka ce, "Kullum saura kaɗan." Na ɗaga kwanon da gwiwa, na ɗaure, noti ashirin da biyu, ban bar ko ɗaya sako-sako ba. A hanya ina lalube aljihu, ina cewa ina tsummana, ka ce in bari, a gida akwai wani.

Innalillahi...

Ba wanda ya gani. Leburori na can suna gyangyaɗi. Kogi taku ashirin ne daga nan, ɗan dutse a cikin tsumman, a ƙulle, a jefa, shike nan. In na kai wa Bature? Kora, ko ma gidan yari. Sannan wa zai haɗa injin? Daga nan har Kano babu mai iyawa, kafin a aiko wani ruwa ya shanye gonakin bayin Allah. In na yi shiru kuma... Saude fa? Ƙanwata, ni na ba ka ita. Tana can cikin takaba da ciki wata bakwai, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, mata na shiga suna fita da maganar nan ta takarda a bakinsu. Abin da ke cikinta zai tashi ya ji yadda aka ce ubansa ya mutu. Ya riƙa ce mini kawu. Ya zo garejina in koya masa riƙon sifana...

Bari in gama tukuna. In wanke, in kankare, in sa sababbin beyarin, ya tashi, a toshe jinga, sannan in faɗa. Bayan kwana goma. Zan faɗa? Wanda bai iya faɗa yau ba...

Wa ke tahowa kan jinga? Wannan tafiyar... Iya ce, mahaifiyarmu. Da tsufanta, tun daga gari, ƙwaryar fura a ka. Ta hango ni, tana ɗaga hannu.

"Bunu! Sannu da rana. Ƙanwarka ta ce in tambaye ka, wai da ka buɗe, ka ga wani abu?"

Kananzir na bin gwiwar hannuna yana ɗiga. Na dunƙule tsumman a hannuna. Tana ta matsowa. Hannun nan nawa, ban san ko buɗe shi zan yi ba, ko —