Ranar da Aka Ƙirga Shanun Ardo

Kwalin ashana aka ajiye wa Malam Mika'ilu a kan tebur, wata Litinin da hantsi. Maijidda ce ta kawo shi, jikar Ardo Sadisu wanda suke kira Baffa, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a aji biyar. Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta rusuna ta ajiye, ta ce, "Wai in ji Baffa," ta koma wurin zamanta.

Ya buɗe kwalin a hankali. Memori ne a ciki, guda goma sha ɗaya, duk waɗanda ya raba wa 'yan ajin a makon da ya wuce. Ko ɗaya ba a rage ba.

Makarantar ta 'ya'yan makiyaya ce, ɗaki biyu da inuwar tsamiya, can bayan Kiyawa. Shekara uku ke nan Mika'ilu yana zuwa daga unguwar Yalwawa ta Dutse a kan babur ɗinsa. Abu ɗaya ne yake cin ransa a aikin. Da an yi ruwan shuka, gonaki sun rufe ko'ina, sai shanu su tashi su nufi daji mai nisa, yara su bi su. Ba a sake ganinsu sai bayan girbi, sun yi baƙi sun yi tsawo, rabin karatun kuma ya zube a hanya. Ga shi baɗi 'yan wannan aji za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, wadda babu wanda ya taɓa ci daga rugar.

To ya lura babu makiyayin da ba ya rataye da 'yar rediyo mai cin memori, ana jin waƙa da wa'azi a wurin kiwo. Sai ya ce a ransa, in dai kunne yana tafiya daji, ai karatu ma zai iya tafiya. Wata biyu ya yi yana shiga ɗakinsa bayan la'asar, ya lulluɓe kansa da bargo saboda ƙarar adaidaita sahu, yana karanta darasi cikin wayarsa yana gumi. Darasi arba'in ya haɗa, Hausa da lissafi da ɗan Turanci. Abokinsa Fa'izu mai gyaran waya ya tattaro masa tsofaffin memori ya zuba musu. Ya raba tun shanu ba su tashi ba, don a gwada.

Yanzu ga su sun dawo masa a kwalin ashana, shanu kuma Asabar za su tashi.

Da aka tashi tara ya kira Maijidda gindin tsamiya.

"Me ya faru? Ba a jin muryar ne?"

"Ana ji, Malam."

"To mene ne?"

Ta ɗan jima tana tona ƙasa da yatsan ƙafa. "Darasi na bakwai ne. Wanda ka ce kowa ya tsaya gaban garkensu, ya nuna kowace saniya da yatsa, ya ƙirga da ƙarfi."

"E, na faɗa. Kin yi?"

"Na yi. Na kai talatin da huɗu sai na ji sandar Baffa ta taɓa kafaɗata. Bai dake ni ba. Washegari kuma Fure ta yi ɓari." Idonta ya kawo ruwa. "Fure saniyar Inna ce. Mu ba a ƙirga mana shanu, Malam. Ba a nuna su da yatsa."

Hanyar Kiyawa zuwa Dutse ba ta da nisa, amma ranar Mika'ilu ya cika ta da gardama shi kaɗai a kan babur. Ai wannan camfi ne. Ina ruwan yatsar yarinya da cikin saniya? Shi ɗan gidan malamai ne, ya san abin da zai karanto wa Ardo, har ya jera su ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga Yalwawa.

Ya tarar da mahaifinsa, Malam Abdulkahar, a zaure, ɗalibai sun kewaye shi kowa da allonsa, karatu yana tashi kamar kullum. Ya jira har aka sallame su, sannan ya zauna a gefen buzu ya kwashe labarin duka, har da hujjojin da ya tanada.

Malam ya saurare shi bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Gaskiyarka, yatsa ba ta zubar da ciki. Allah ne mai rayawa da kashewa. To in ka je ka kayar da dattijo a gaban jikokinsa, ranar Asabar memorin naka zai bi shanun?"

Malam bai jira amsarsa ba, ya ci gaba.

"Shekararka nawa kana zuwa rugar nan?"

"Uku, Baba."

"Sau nawa ka zauna da shi lokacin tatsa?"

"Ban taɓa ba. Makaranta nake wucewa."

"Ashe wata biyu ka yi cikin bargo kana yi wa mutane magana, ba ka tambaye su komai ba." Malam ya yi murmushi, ya gyara zaman alƙalaminsa a bakin tawada. "Yaran nan da suka tashi yanzu, ka taɓa ganin na bi su da yatsa ina ɗaya, biyu? Amma in ɗaya bai zo ba, tun ina cikin gida nake ji. Karatun yakan yi giɓi a wurin muryarsa. Je ka tambayi mutumin yadda yake gane saniyarsa ta ɓata. Tambaya kawai. Ka bar littattafan a gida."

Talata Mika'ilu bai je wurin Ardo ba, zuciyarsa ba ta gama sauka ba. Sai Laraba, yana idar da sallar asuba ya tayar da babur. Ya isa ruga rana tana ɗagowa, hayaƙin garke yana kwance ƙasa-ƙasa, maruƙa suna ɗaure a jere a dangwali suna kukan iyayensu. Inna Safara'u, matar Ardo, tana tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Tana ganinsa ta ɗaga murya.

"Ku ɓoye kajinku, ga mai ƙirga nan ya zo!"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Mika'ilu ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, kunya ta rufe shi.

"Inna, na ji abin da ya sami Fure. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, ɗan Malam. Ta tashi, har ta ci dusa jiya. Tashi ka je, ga shi can, tun Litinin yake jiranka da wa'azinka."

Ardo Sadisu yana tsaye a bakin garke, siriri, dogo, sanda a gicciye a kafaɗa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta shanu da ta damina. Mika'ilu ya ji duk hujjojin nan suna motsi a bakinsa, ya haɗiye su.

"Baffa, na yi kuskure. Na sa yara abin da ban tambaya ba. Ba gardama ta kawo ni ba, tambaya ce. In ba a ƙirga su, yaya ake gane ɗaya ba ta dawo ba?"

Ardo ya dube shi ta wutsiyar ido, kamar yana neman inda tarkon yake. Da bai gani ba, sai ya sauke sandar.

"Kai a gidanku in an zauna cin tuwo, sai an ƙirga ku ake sanin wani ba ya nan?"

"A'a."

"To."

Ya juya ya fuskanci garken, ya saki wata murya da Mika'ilu bai taɓa jin irinta a bakinsa ba, mai tsawo, tana hawa tana sauka. "Wuleee! Wule 'yar Saye!" Wata fara mai tabo a goshi ta ɗago kai daga tsakiya, ta ratso 'yan'uwanta ta taho har ta sa hancinta a tafin hannunsa.

"Wannan Wule ce. Uwarta Saye, wadda ta karye a mashaya shekarar da aka haifi Maijidda. Uwar Saye kuma Amare, ita babana ya bar mini gado. Waccan mai karkataccen ƙaho ƙanwarta ce. Wancan maraƙin jikanta ne." Haka ya yi ta bi, wannan ta haifi wannan, wannan ta fito daga gidan kawunsa, wannan ba ta son a tatse ta ta hagu. Mika'ilu yana tsaye baki buɗe. Abin ya yi masa kama da yadda mahaifinsa yake jero malamansa, wane ya karanta a wurin wane.

"Baffa," ya ce a hankali, "ka yarda in ɗauki kiran nan a waya?"

"Ka yi me da shi?"

"Ka dai ji."

Ardo ya ɗaga kafaɗa. Ya sake kira, wannan karon Fure, Mika'ilu yana riƙe da waya kusa da gemunsa. Saniyar ta zo, aka shafa ta, ta koma. Sai Mika'ilu ya matsa can gefe wajen taku ashirin, ya ƙure ƙarar wayar ya kunna.

"Fureee!"

Fure ta ɗago. Ta dubi Ardo, bakinsa a rufe. Ta dubi Mika'ilu. Ta tsaya tana kaɗa kunne, sannan ta taho wurinsa a hankali, ta sa harshe ta lashe wayar tun daga ƙasa har sama.

Inna Safara'u ta kusa kifar da ƙwaryarta don dariya. "Shi ke nan, tsoho, an sace maka murya! Gobe sai ka yi kwanciyarka, waya ta tafi kiwo."

Ardo ma bai iya riƙewa ba, kafaɗunsa suna rawa. Mika'ilu yana goge yawu a jikin rigarsa ya ce, "Baffa, abin da nake roƙo ke nan. Darasi na bakwai in goge shi, yanzu, a gabanka. A madadinsa kai za ka yi magana. Ka kira su, ka faɗi asalin kowace, yara su ji, su rubuta sunan kowace saniya da na uwarta a littafi. Wanda ya iya rubuta Wule 'yar Saye 'yar Amare, ai ya iya rubutu. Kuma ko bayan ranka, Allah ya ja kwana, sunayen suna nan."

Dattijon ya dogara da sandarsa. Ya daɗe yana kallon maruƙan da ke dangwali.

"Lissafin fa? Ka fasa koya musu?"

"Shi ne ban san yadda zan yi ba."

"Rijiya," in ji Ardo. "In an je shayarwa, su ƙirga guga. Guga nawa ke cika kwalbatin da shanu ke sha a ciki, kwalbati nawa ake sha kafin rana ta take. Su ƙirga taku daga masauki zuwa ruwa. Su ƙirga kwanakin cikin saniya, wannan ma yana da amfani. Abin ƙirgawa bai ƙare a daji ba, Malam, sai dabbar mutane?"

Maijidda tana tsaye bayan kakarta tun ɗazu, tana jin komai. Ta matso, ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba. "Malam, ai in kowace saniya ta ci layi ɗaya a littafi, in na duba layukan zan san..."

Mika'ilu ya juyo da sauri. Ya zare mata ido, amma Ardo ya riga ya ji.

"Ke dai bakinki ba ya riƙe ruwa," ya ce wa jikar tasa, yana ɗan ja mata kunne. Sannan ya juyo ga Mika'ilu. "Kai ma ka ɗauka ban san yawansu ba? Da me nake fitar da zakka duk shekara? Na sani sarai. Ita ma ta sani, in tana so, ta riƙe a cikinta. Faɗa ne ba a yi, da nuni. Abin da Allah ya ba ka ba ka tsayawa a fili kana shelarsa."

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Bai tabbata ya yarda da duk abin da dattijon ya yi imani da shi ba, kuma ya ga ba a nemi ya yarda ba. Ya buɗe wayar, ya nemo darasi na bakwai, ya nuna wa Ardo, duk da Ardo ba ya karanta boko.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne, Baffa."

"Ba ni, ni zan danna."

Mika'ilu ya kama masa babban yatsan ya ɗora a wurin. Darasin ya ɓace.

Ranar ba a shiga aji ba sai wajen ƙarfe goma. Ardo ya zauna a kan turmi yana magana cikin waya, da Hausa, in abin ya yi daɗi ya zarce da Fulatanci, Inna Safara'u tana gyara masa daga nesa. "Ba Amare ce ta haifi wannan ba, tsufa ya fara taɓa ka!" Mika'ilu ya so ya yanke muryarta daga ciki, Maijidda ta roƙe shi ya bari.

Alhamis da Juma'a ya yi su cikin bargo, yana sake darussan lissafi da guga da taku, Fa'izu yana zubawa yana mita. Asabar da sassafe ya isa ruga an riga an ɗora kaya a kan jakuna. Ya buɗe kwalin ashanar, ya bi yara yana miƙa wa kowa nasa. Da ya gama sai ga hannun Ardo a miƙe.

"Nawa fa?"

Mika'ilu ya duba kwalin, babu komai. Ya zare memorin da ke cikin wayarsa ya sa masa a tafin hannu.

Shanu suka miƙe kan burtali, yara a gefe da gefe, rediyo a rataye a wuya. Mika'ilu ya tsaya riƙe da babur yana kallon garken yana wucewa ta gabansa. Ya kama kansa leɓunansa sun fara motsi, ɗaya, biyu. Sai ya rufe bakinsa, ya sa hannu a aljihu, ya shiga neman mai tabo a goshi.