Shozan ɗin Baba Abdulbaƙi

Idris na cikin naɗe bindigar a tsohon bargo sai Raihana ta tare bakin ƙofa. Ta ce likita ya hana mahaifinta ko hawa bene, balle doguwar tafiya a mota. Ga kuma shingen bincike a hanya, tsohon kuwa ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Idris ya ci gaba da naɗinsa, don ya san ba wannan ne ke cin ranta ba.

"Yaya Idris," ta ce a hankali, "shekara arba'in yana ɓuya a garin nan don ya cika cikin Harami. In ajali ya riske shi a waje fa?"

Daga kan katifa Baba Abdulbaƙi ya ce Wanda ya tsare shi shekara arba'in ba zai gaza da safiya ɗaya ba, a miƙo masa hularsa.

Maƙwabta ne a unguwar Hindawiyya, ƙofa na kallon ƙofa. Idris haihuwar Makka ne, kakanninsa ta Sudan suka shigo, yana da takardar ɗan ƙasa, yana tuƙa tasi. Baba kuwa ɗan mafarauta ne daga bakin dajin Rugu. Bindigar adakar mahaifinsa ya sayar ya cika kuɗin kujera, ya zo aikin hajji bai koma ba.

Shekara goma sha bakwai ke nan da ya je gyaran famfo wani gida a unguwar Shisha, ya tarar magada na neman mai sayen bindigar mahaifinsu. Ya dawo ya kwana uku bai ci abincin kirki ba. Shozan ce, yadda ake kiran bindigar harbin tsuntsu a nan, ƙirar Beljiyam, ta girmi Idris nesa. Harsashi biyar take ci, in ka harba kuma ita da kanta take tofar da kwanson ta ɗana na gaba. Tun da marar takarda ba ya samun ruhusa, wato lasisin riƙe bindiga, da sunan Idris ya saye ta, kuma a akwatin ƙarfen gidansa take kwana. Kowace Juma'a bayan la'asar Baba zai ƙetaro ya warware ta, ya shafa mata mai, ya kara ta a kafaɗa ya auna bango, ya mayar. Bai taɓa harba ta ba. Ba a farauta cikin Harami, fita waje kuma kasada ce ga irinsa.

Da Raihana ta ga ba za ta tanƙwara shi ba, sai ta ɗauki abayarta ta shiga bayan motar, ta jingina kansa a kafaɗarta. A shingen, askar mai gadin wurin ya leƙo ya ga tsoho yana numfashi da ƙyar, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya ɗaga musu hannu. Sun wuce alamar iyakar Harami a hanyar Laith rana ba ta yi zafi ba tukuna. Idris ya ratse cikin wani kwari mai tsakuwa ya kashe mota.

Harsashi uku ya ɗura. Baba ya ƙi a riƙe shi. Ya tsaya, ya ɗaga bakin bindigar sama inda ba ko tsuntsu, ya ja kunama. Ƙarar ta bi duwatsu ta dawo. Bindigar ta tura shi baya har hularsa ta faɗi, kwanson kuma ya maƙale, rabi ciki rabi waje.

Ya yi dariya har ta koma masa tari.

"Irin wannan ba ta juyawa sai ta ji kafaɗa mai tauri," in ji shi. "Ta gane ba kowa a bayanta."

"Akwai, Baba," in ji Idris.

Ya zare kwanson ya ɗana ta, ya zagayo ya tokare bayan tsohon da ƙirjinsa, ya tallabe ƙasan bindigar da hannun hagu. Yana jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga. Baba ya harba, kwanso ya yi tsalle, ya sake harbawa, na biyun ma ya fita. Ya daɗe yana shaƙar hayaƙin, sannan ya gaya wa 'yarsa haka rigar kakanta take wari in ya dawo daga daji. Daga nan ya ce maza a mai da shi gida.

Duk hanyar komawa Raihana na riƙe da tsintsiyar hannunsa. Sai da suka shige iyakar Harami ta sake shi, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Ranar Talata bayan azahar ya cika, a ɗakinsa, ana jiyo masu sayar da kayan miya a ƙasan bene.

Idris ya shiga cikin masu wanka. Da aka yaye ƙyallen daga kafaɗar dama, sai ga tabo ya taru baƙi-baƙi, daidai faɗin gindin bindiga. Limamin unguwa ya tambaya ko marigayin ya faɗi ne. Idris ya girgiza kai. Ya ɗebi ruwan magarya a tafin hannunsa, ya zuba a wurin sannu a hankali.