Finjali Uku a Kara

Raihana ta dawo Mashi da takardar koyon aikin lafiya, ta tarar ƙafar mahaifinta, Malam Kalilu, ta ƙi warkewa. Ƙaya ce kawai ta soke shi a babban yatsa, amma ciwon suga ya riƙe wurin wata huɗu yana ruwa.

Shi kuwa dillalin shanu ne. A kara, wato kasuwar shanu, ba a rufe ciniki da fataken Nijar sai an kewaye buta an sha shayi finjali uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Wanda ya mayar da finjali ya raina mai buta.

Ba ta ce ya daina ba. Ta hura gawayi da kanta, ta dafa masa koren ganyen shayi da na'ana'a, ko ƙwayar sukari babu.

"Baba, ganyen ba shi da laifi. Yana taimakon zuciya, yana wartsake jiki. Sukarin ne ke cin ƙafarka."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Likita, wannan ai ruwan darbejiya ne. Don ki horar da ni na kai ki boko?"

"Don ka yi tafiya da ƙafarka ka kai ni."

Ranar kasuwa ta hau babur ta bi shi har kara, ta ratsa maza, ta tsaya a kan Mainasara, tsohon abokin cinikinsa, mai butar.

"Kawu, a zuba wa Baba nasa kafin a sa sukari."

Aka kwashe da dariya. Mainasara ya ce, "Kalilu, ashe an yi maka uwa?"

Raihana ba ta sunkuyar da kai ba. Mahaifinta ne ya sunkuyar. Ya karɓi finjalin da sukarinsa ya shanye, ya shanye na biyu, ya miƙa hannu ya karɓi na uku, bai dube ta ba.

Da damina aka yanke yatsan. Likitan asibiti ya ce in aka ci gaba haka, sai a yanke daga gwiwa.

Har yanzu kullum da safe tana wanke ciwon, ta naɗe, ta dafa masa shayinsa marar zaƙi. Yana shanyewa don ta ji daɗi. Sannan ya jawo sandarsa, ya ce a kira masa mai babur, yau kasuwa.